Wayar Tagulla a Garejin Babana

Babana, Eino Rautio, bai taɓa tsoron dusar ƙanƙara ba,
ko da take toshe mana ƙofa a Calumet.
Bai ji tsoron zarto ba, duk da ya ɗanɗana masa yatsa.
Abin da ya hana shi barci farin bututun roba ne
da ya sayo da araha a shagon kayan famfo,
ya maƙala shi a silin, daga bakin zarto zuwa injin zuƙa,
don ya riƙa haɗiye ƙurar katako.

Ran da ya fara kunnawa, cikin Janairu, iska ta bushe ƙayau.
Ya miƙa hannu zai gyara mahaɗa,
sai tas! wata 'yar wuta ta mintsine shi.
Gashin hannunsa ya miƙe kamar an kira shi.
Ya kashe inji, ya kife bokiti ya zauna.
Ya ce, "Aila, ƙura da tartsatsi a bututu guda?
Ai kura da akuya ke nan a ɗaki ɗaya."

Washegari sai ga shi da naɗin wayar tagulla,
irin tagullar da kakana ya haƙa a ƙarƙashin garin nan
har bayansa ya ranƙwafa.
Ya nannaɗe bututun kamar mai ɗorin karaya,
ya kai bakin wayar jikin inji,
ya ce daga nan ta san hanyar ƙasa.

Maƙwabcinmu Duane Trevarrow, tsohon mai gyaran lantarki,
ya jingina da ƙofa da kofinsa yana dariya.
"Roba ba ta jin maganar waya, Eino.
Ba ta sakin abin da ta tara sai daidai inda aka taɓa ta.
Kuma garejinka ba rumbun kamfani ba ne.
In wuta za ta zo, ƙusa ce jagorarta:
ta bi iska, ta daki fanka,
ta faɗa buhu da zafinta, ta kwana tana ci a ɓoye.
Ka juye buhunka kafin ka kwanta."

Shekara goma sha tara suna wannan musu.
Kofi ya huce, an ɗumama, ya sake hucewa.
Baba bai cire waya ba,
amma bai taɓa kwana da buhu cike ba.

Wuta dai ba ta zo ba.

Wadda ta zo ba ta da ƙara.
Ita ce mai laushin nan da ke tsere wa buhu,
ta tsaya tana lilo a hasken taga.
Ina yarinya har sha'awa take ba ni,
nakan rubuta sunana da ita a murfin firiza.
Takunkuminsa na rataye a ƙusa
har igiyar ta tsufa ta tsinke don kanta.
Tari ya fara da asuba,
daga baya ya daina duba agogo.

A asibitin Marquette suka sa masa wani bututun roba,
siriri, a hanci.
Ya shafa shi da guntun yatsansa,
ya dubi Duane, ya ce da ragowar murya,
"Wannan fa, an naɗa masa waya?"
Duane ya yi dariya, ya yi dariya,
sannan ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Yanzu ni ke kunna injin.
Na sauya matata, na sayi takunkumi mai kama fuska,
ina juye buhu kowace yamma.
Akwai kujerar da ya bari da ƙafa uku,
ina kan ta huɗun.

Wayar tana nan, ta yi duhu, ta saki a wuri biyu.
Duane ya ce in kwance ta in sayar.
Ban kwance ba.
Jiya ma, da na ratsa ta ƙarƙashin mahaɗar nan,
bututun ya mintsine ni a wuya.
Na ce, "Na ji, Baba,"
na gyara takunkumi, na ci gaba da yanka.